Mu Ba Ma Cin Yashi

Ranar Kirsimetin shekarar da nake aji huɗu a firamare, bayan an taso daga coci, Mama ta ɗora mini kwanon samira a ka ta ce in kai gidan Maman Gloria. Ina sanye da sabuwar riga mai ɗamara a baya, sabon takalmi yana cizona a dunduniya, ga jan tabarau na roba da na ƙi cirewa ko lokacin addu'a. Kek ne a cikin kwanon, waɗanda Mama ta zaɓa da hannunta, waɗanda suka fi tashi suka fi yin ja. Na tura ƙofar get, na tarar da baranda cike da baƙi, mata da manyan gwaggwaro, maza riƙe da kwalaben lemo. Na durƙusa na gaishe su, na miƙa kwanon da hannu biyu yadda aka koya mini. Maman Gloria ta buɗe, ta ɗauki ɗaya da yatsu biyu, ta gutsura kaɗan, sai ta tsaya da tauna, ta yamutse fuska kamar wadda ta ci karo da tsakuwa a shinkafa. Ta juya wajen baƙinta ta ce, "Kun san da me ake gasa wannan? Da yashin rafi, a gwangwanin madara." Aka kwashe da dariya. Ta mayar da guntun cikin kwanon, ta rufe, ta miƙo mini ta ce, "Ki ce wa Mamanki an gode, amma mu ba ma cin yashi a gidan nan."

Wanda bai tashi a unguwarmu ta Narayi a wancan lokaci ba, da wuya ya gane girman abin da matar nan ta aikata. Kwano yana da doka a wurinmu. In maƙwabciya ta aiko miki da abinci ranar biki, sai ki juye, ki wanke kwanon tas, ki sa wani abu a ciki kafin ki mayar, ko cincin ne, ko sabulu, ko ƙwai, sannan ki ba ɗan aiken tukuici ya sayi alewa. Ko abincin bai yi miki ba, ko gishiri ya zarce, karɓa za ki yi ki yi godiya, abin da kika yi da shi bayan kin rufe ƙofa kuwa tsakaninki da Allah. Mayar da kwano wayam rowa ce, a ɗan yi gulmarta a bakin rijiya a manta. Amma a mayar da kwano da abincinsa a ciki, har da wanda aka sa wa haƙori, wannan ko tsakanin masu gaba ban taɓa jin an yi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Maman Gloria ba baƙuwarmu ba ce. A gidan haya ɗaya muka zauna a Kakuri, lokacin da Baba da mijinta suke aiki a masaƙa, ɗakinsu yana kallon namu, igiyar shanyarmu ɗaya, layin famfonmu ɗaya. In Mama tana kwaɓa kek ita ce mai riƙe mata roba, kuma da idona na sha ganinta tana lashe muciya. Surukarta, uwar mijinta da kowa yake kira Kaka, in ta zo daga ƙauye a ƙarshen shekara, ƙofar ɗakinmu take fara zama, domin ba ta da haƙora, kuma Mama takan ajiye mata kek mai laushi ta tsoma a shayi. Daga baya mijin Maman Gloria ya bar masaƙa ya kama kwangila, Allah ya buɗa masa. Mu da su muka sayi fili a layi ɗaya a Narayi tun ana noma masara a wurin, amma nasu gidan ya tashi da doguwar katanga da get, namu ya tsaya a ɗaki biyu da falo ko filasta babu. Sai kuma aka kawo mata murhun gas mai oban daga Legas, aka sauke shi daga mota da rana tsaka don kowa ya gani. Daga ranar gaisuwarta ta gajarce.

Mu an horar da mu mu isar da saƙo yadda aka ba mu, ba ragi ba ƙari, don haka da na iso gida na tarar da Mama da Baba da wasu baƙi a falo, sai na sauke kwanon na faɗi maganar kalma bayan kalma. Mama ta buɗe kwanon, ta ga guntun nan da shatin haƙori a jikinsa. Ta ɗauke shi ta sa a bakinta, ta tauna a hankali, ta tauna ta kowane gefe, tana sauraron haƙoranta, sannan ta haɗiye. "Babu yashi," ta ce, ba da kowa take ba. Ta tashi ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Na taɓa ganin Mama tana kuka ranar da aka yi rasuwa a danginmu, amma ban taɓa ganin ta ji kunya ba sai ranar. A nan inda nake tsaye, da tabarau a fuskata, na ci alwashin sai na rama mata.

Ba sana'a ba ce gashin kek a wurin Mama. Kayan miya take sayarwa a tebur a ƙofar gida, Baba kuma masaƙarsu ta fara tangal-tangal, wata a biya wata a ce a yi haƙuri. Kek shi ne abin da take yi don jin daɗin ranta. In ɗayanmu ya ci jarrabawa, ko fasto zai kawo ziyara, ko wata maƙwabciya ta haihu, ko kuma haka kawai Asabar ta yi mata daɗi, sai ka ji ta ce a ɗauko tukunyar ƙarfe. Tana son baƙi kamar me. Kujerunmu tsofaffi ne amma kowace da mayafin da ta saƙa da kwarashi, a kan tebur ga furen takarda da ta yanka da almakashi, kuma ba ka shiga gidanmu ka fita ba ka tauna wani abu ba. Matan layinmu har laƙabi suka sa mata, Maman Kek, ita kuwa in an kira ta da shi sai ta yi kamar ba ta so, alhali fuskarta tana tona ta.

Duk wannan ya tsaya cak bayan sabuwar shekara. Ta juye yashinta a kwatamin ƙofar gida, ta tattara gwangwanayen ta ba yayana Bulus ya yi motar wasa da su, tukunyar ƙarfen kuma ta koma bayan kicin kaji suna shan ruwa a ciki. Na ci jarrabawa, aka saya mini biskit a shago. Bulus ya yi ranar haihuwarsa, aka dafa shinkafa kawai. In na ce, "Mama, yaushe za a yi kek?" sai ta ce fulawa ta yi tsada, alhali ba ranar ta fara tsada ba. Waƙoƙin coci da take rerawa in tana kwaɓi su ma suka tafi tare da kek ɗin. Gidan bai canza ba a ido, amma ni na san an ɗauke wani abu daga cikinsa, kuma na san wadda ta ɗauka, na san launin get ɗinta.

A makaranta ajinmu ɗaya da Gloria, kuma kafin a yi mako da komawa hutu kowa ya san sabon sunana, 'Yar Yashi. Na yi abin da zan iya. Da yake ni ce mai raba wurin shara da safe, kullum ƙarƙashin bishiyar mangwaro nake ba ta, inda ganye ba ya ƙarewa. In ana gala-gala ba na barin kuskurenta ya wuce, ko inuwar ƙafarta ta taɓa layi sai na yi ihu. Na daina ara mata abin fiƙe fensir. Amma duk wannan bai kashe mini ƙishirwa ba, domin Gloria ba ta da laifin da ya wuce dogon baki, uwarta nake nema. Da damina in mun je gonarmu a Kakau muna noma, kowace ciyawa na sa wa fartanya sai in ga gwaggwaron Maman Gloria. Wata rana na tsinko karara a bakin gona, wannan 'ya'yan itacen mai gashi da ke sa ƙaiƙayi, na cusa a kwalin ashana da niyyar barbaɗa wa bencin da take zama a coci. Ban san kwalin ya huje a aljihuna ba. Tun daga Kakau har gida ina susa ina kuka a cikin mota, aka shafe ni da manja da toka, kuma ban faɗa wa kowa abin da ya kai ni wurin karara ba. Wannan ma na ɗora shi a kanta.

A makarantar Lahadi ana koya mana yafiya, ni kuwa ina zaune ina gyaɗa kai. In ana addu'ar da muke yi tare, aka zo wurin da ake cewa mu ma muna gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, sai in kama bakina gam har a wuce wurin, sannan in ci gaba da kowa. A ganina hakan ya fi in yi wa Allah ƙarya. Maman Gloria tana zaune a layin gaba da mafici a hannu, ta ba da baiko, wato sadakar coci, da takardar kuɗi a buɗe, in an tashi ta wuce Mama ta ce "Sannu fa" ba tare da ta tsaya ba. Mama kuma ta amsa da fara'a, abin da ya fi komai ba ni haushi ke nan.

Da Disamba ta sake zagayowa Mama ta ce bana cincin kawai za a yi. Ana cikin haka sai ga Hajiya Mairo ta sauka daga bas da leda a hannu biyu. Matar abokin aikin Baba ce, a Makera suke zaune, kuma tun ina goye kwano yake yawo tsakanin gidanmu da nasu, su aiko da nama da dubulan da Sallah, mu aika da kek da cincin da Kirsimeti. Ta zauna, ta sha ruwa, ta zazzage ledojin a gaban Mama, ga fulawa, ga sukari, ga bota, ga ƙwai a cikin dusa. Mama ta sunkuyar da kai ta ce, "Hajiya, ai na huta da kek." Hajiya ta ce, "Kin huta? To ni ban huta da ci ba. Yarana tun watan jiya suke damuna. Wa ya taɓa ki?" Mama ta ce ba kowa. Ni da nake laɓe a bakin ƙofa na ga ba zan iya ba, na faɗo falon na zayyane mata komai, har da yamutsa fuskar. Hajiya ta riƙe haɓa ta ce, "Yashi? Ikon Allah. To gyaɗar da take tarbar baƙinta da ita a kwalba, da me aka soya ta? Tun kakanninmu da yashi muke suya, wa ya mutu?" Mama ta yi ƙoƙarin danne dariya ta kasa, ta yi ta yi har da hawaye. Da za ta raka Hajiya bakin titi, sai ta waiwayo ta ce mini, "Ki kori kajin nan ki wanke tukunyar."

Ban taɓa yin aiki da zuciya ɗaya kamar na wannan makon ba. Ni da Bulus muka gangara rafi da bokiti muka ɗebo yashi daga inda ruwa yake gudu, muka wanke shi har ruwan ya fito garau, muka shanya a kan buhu, na tankaɗe da rariya. Muka bi masu shayi muna roƙon gwangwanin madara, muka yanke bakinsu, muka daddake kaifin da dutse, muka goge su suna ƙyalli. Ranar jajibere Mama ta ɗaura zani a ƙirji ta zauna a kujera 'yar tsugune, ta sa roba tsakanin ƙafafunta, ta yi ta juya bota da sukari da muciya har suka yi fari, in hannunta ya gaji in karɓa. Ana fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya a kofi tukuna, don kada ruɓaɓɓe ya ɓata kwaɓin, sannan fulawa, sannan a kankare gyaɗar ƙamshi a kai. Yashin yana can ƙasan tukunya yana ɗaukar zafi, a jera gwangwanaye a kansa, a rufe, a zuba garwashi a kan murfin don wuta ta ci sama da ƙasa. Ko ƙwayar yashi ɗaya ba ta da hanyar shiga kek, kuma Maman Gloria ta fi kowa sanin haka. Ba a buɗe tukunya don leƙe, ba a gudu kusa da murhu, sai hancin Mama ya ce ya yi, ta soka tsinken tsintsiya ta ga ya fito a bushe. Kafin la'asar ƙamshi ya cika layinmu, yara sun yi cirko-cirko a ƙofar gida, mu kuma muna falo muna yanka tsohuwar kalanda muna liƙa sarƙar takarda da sitaci. Can daga bayan kicin na jiyo Mama ta fara waƙa.

Da safe ta jera kwanuka a tabarma tana kiran sunan gida tana zubawa. Da na ji ta ce "Maman Gloria" sai na ce ban yarda ba, wallahi ko guntu ba za ta ci ba. Mama ta kalle ni ta ce, "Ranar haihuwar Mai Ceto ba na tsallake gidan kowa. Kuma ke za ki kai." Na buɗe baki zan yi musu, sai na tuna abin da na gani shekaranjiya, wato Kaka tana saukowa daga mota a ƙofar get da buhun acca da sandarta. Bara ba ta zo ba saboda ciwon ƙafa, kuma na tabbata babu wanda ya ba ta labarin kwanonmu. Sai na ce, "To, Mama." Ya kamata saurin amsar nan ya sa ta zarge ni, amma hankalinta yana kan shinkafa.

Ban yi gaggawa ba. Na kai na kowa tukuna, na karɓi tukuicina, ina lura da motocin da ke tsayawa a ƙofar get, sai da na ga baranda ta cika kamar bara sannan na ɗauki kwanon ƙarshe. Na shiga da sallama, na durƙusa har ƙasa, na gaida kowa ɗaya bayan ɗaya da ladabin da ban taɓa yi wa kowa ba. Kaka tana zaune a tabarma a gefe, ba ta son kujera. Ta ƙura mini ido ta ce, "Hannatu ce ta girma haka? Zo nan, me Mamanki ta aiko mini?" Na matsa kusa da ita na buɗe murfin a hankali, na bar ƙamshin ya zaga barandar. Maman Gloria ta taso da murmushi a fuska ta miƙo hannu, ina jin ta ɗauka an manta. Sai na mayar da murfin na rungume kwanon. Na ce, "Kaka, gaisuwa kawai na zo yi. Bara da na kawo, Maman Gloria ta gutsura ta mayar mana da shi a kwanonmu, ta ce in faɗa wa Mamana ba a cin yashi a gidan nan. Ba na so in jawo wa wani ciwon haƙori."

Hannun Maman Gloria ya tsaya a iska. Wasu daga cikin baƙin su ne suka yi dariya bara, yanzu kowa ya samu abin kallo a cikin kofinsa. Kaka ta juya ta dubi surukarta, ta tambaye ta cikin yarenmu ko gaskiya ne ta mayar da kwano da abinci a ciki, ranar Kirsimeti, ga matar da ta yi jinyarta lokacin haihuwar Gloria. Maman Gloria ta fara cewa wasa ne, yarinya ce ba ta gane ba. Kaka ba ta bari ta ƙarasa ba. Ta laluba sandarta, ta dafa kafaɗata ta miƙe, ɗanta yana "Mama, ki zauna mana, ga abinci an kawo," ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce mini, "Ɗauki kwanon mu je, jikata. Ni ba ni da haƙorin da yashi zai fasa."

Tsakanin get ɗinsu da ƙofarmu ba nisa, amma Kaka ba ta sauri, ni kuma ban ga dalilin da zai sa in hanzarta ta ba. Ranar Kirsimeti ce, kowa yana waje, maza a benci ƙarƙashin bishiya, mata a ƙofar gida, yara suna fasa banga, abin wasan wutan nan mai ƙara. Ga tsohuwa ta baro gidan ɗanta mai kuɗi da kaji da akuya a tukunya, tana dogara sanda, ga ni a bayanta da kwano a ka ina tafiya ɗaiɗai. Duk wanda ya ce, "Kaka, barka da Kirsimeti, ina zuwa haka?" sai ta tsaya ta numfasa ta ce da ƙarfi, "Zan je in ci yashi." Kafin mu isa gida babu wanda bai ji labarin ba a layin, har da waɗanda suka zo baƙunta daga Sabon Tasha. Na yi aure, na haihu, na ga ranakun farin ciki da dama, amma ban ɓoye muku ba, tafiyar nan tana cikin waɗanda suka fi mini daɗi a duniya.

Mama ta fito da ludayi a hannu ta gan mu, ta dubi Kaka, ta dubi kwanon, ta dube ni, nan take ta gane. Ta shimfiɗa tabarma ta ɗora ruwan shayi. Kaka ta zauna a falonmu ƙarƙashin sarƙar kalanda tana tsoma kek a kofi tana lumshe ido, mata suna shigowa gaishe ta, kowace sai ta ce, "Maman Kek, ashe kin dawo." Ɗanta ya zo ya roƙe ta ta koma, ta ce ba inda za ta sai matarsa ta tako da ƙafarta. Da yamma ina ƙofar gida na hango Maman Gloria tafe, ba gwaggwaro, ɗankwali kawai. Na san halin uwata sarai, na san tana jin "yi haƙuri" za ta yafe har ta nemi abin da za ta ba ta. Sai na ruga kicin na ɗauko tiren da ya rage, na fita ta baya na rabar wa yaran layi kaf. Haka kuwa aka yi. Maman Gloria ta rusuna ta ba da haƙuri, Mama ta kama hannunta ta ce ba komai, ya wuce, ta ce in kawo wa baƙuwa kek. Na kawo tiren na ajiye a gabanta, ba komai a kai sai ɓurɓushi.

Bayan kowa ya watse na sha silifa. Mama tana dukana tana cewa, "Ni na aike ki da wannan magana? Haka na koya miki?" Na yi kuka yadda ya kamata don kada ta ƙara, amma ko a jikina. Da ta gama ta koma bayan kicin tana kankare gwangwanaye, ta wanke su ta kife, ta juye yashinta a buhu ta ɗaure ta kai ƙarƙashin gado. Daga shekarar ba ta sake ajiye tukunyar ba sai da hannuwanta suka fara rawa, lokacin nan ma takan zauna kusa da ni tana ba da umarni, tana cewa na cika sukari.

Mama ta rasu yanzu, Kaka ta riga ta da daɗewa. Maman Gloria tana nan da ranta, ta tsufa, cocinmu ɗaya har yau. In mun haɗu nakan rusuna in gaishe ta, in tambayi ƙafarta da jikokinta, in ɗaukar mata jaka zuwa mota. Ranar jana'izar Mama ta riƙe hannuna tana hawaye ta ce ba a sake yin mai hannun kek irin nata ba, na ce haka ne. Na koyi furta addu'ar nan gaba ɗayanta ba tare da na kama baki ba, kuma ina jin na yafe mata har ga Allah. Kek ɗina dai ba ta taɓa ci ba.

Ni ma yanzu a Kamazou nake, a gida mai katanga da get, da oban ɗina a kicin. Duk jajiberen Kirsimeti ina gashi, ƙamshi ya cika gidan, amma ba ya tsallake katanga, ko ya tsallake ba yaron da zai tsaya a ƙofa. Maƙwabcina na dama ban san sunan matarsa ba. 'Ya'yan Hajiya Mairo sun koma ƙetaren kogi tun rikice-rikicen da suka raba garin, sai dai mu yi wa juna barka a waya. Yarana ba su taɓa ɗora kwano a ka sun shiga gidan wani ba, in na ba su labarin nan dariya suke yi, su ce to mene ne in an mayar da kek, ba sai a sa a firij ba. Nakan rasa yadda zan bayyana musu cewa akwai lokacin da layi guda yake ci daga tukunyar juna, har hana mutum loma ɗaya ya isa ya zama ramuwa. Yau ko na so in hana wani, babu mai jiran kwanona.